Zanen Farce a Gefen Shafi

Shekara arba'in da uku na yi ina musayar littattafai a kasuwar garinmu, Honda, a rumfa ta huɗu daga ƙofar da ke kallon kogi, kuma a duk tsawon shekarun nan littafin soyayya ɗaya tak na karanta daga farko har ƙarshe. Bai yi min daɗi ba. Saboda Etelvina na karanta shi, kuma labarinta zan bayar, tunda 'ya'yanta uwa mai ɗinki kawai suka sani, maƙwabta kuma matar makanike.

Sana'ata ba ta da wuya. Mace ta kawo littafin da ta gama, ta ɗora 'yan sulalla a kai, ta zaɓi wani ta tafi. Littattafan ƙanana ne, kowanne ya shiga aljihun riga, takardarsu irin ta jarida, bangonsu kuma kullum wata ce ta langaɓe a ƙirjin wani dogon mutum. Da yake sun yi kama da juna, mai karatu takan manta wanda ta karanta, shi ya sa kowace take da alamar da take sawa a cikin bangon baya. Wata fure, wata harafin sunanta, matar mai kantin magani kuwa ɗan kifi take zanawa. Kafin mace ta dubi sunan littafi, baya take fara buɗewa. Alamar Etelvina almakashi ce, 'yar ƙarama, da jan biro.

Etelvina Rubio tana da shekara goma sha tara ta gangaro daga ƙauyen masu noman kofi, da keken ɗinkin da uwarta ta bar mata. Ta kama rumfa ta uku daga tawa. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, kullum da allura biyu a soke a wuyan rigarta, kuma ban taɓa ganin mai saurin kuka da saurin dariya irinta ba. Ba ta shekara a garin ba ta auri Evaristo Cuéllar, mai gyaran injin kwale-kwale da na manyan motoci. Ni na riƙe ɗansu na fari, Abelardo, ranar da aka yi masa baftisma, tun daga ranar muke kiran juna comadre, kamar yadda uwar yaro da wadda ta riƙe shi a baftisma suke yi a garinmu, shi kuma mijin nake ce masa compadre.

Evaristo ba ya sha, ba ya duka, ba ya bin mata. Amma magana a wurinsa sai ka ce haƙori ake cire masa. Ita da bakinta ta faɗa min yadda ya nemi aurenta: ya zo ya tsaya a gaban keken, ya ce, "Na gyara rufin ɗakina, ba ya yoyo," ya tsaya yana jiran amsa. Ƙaton mutum ne mai ƙatattun hannuwa, babban yatsansa na hagu guduma ta taɓa daka shi tun yana koyon aiki, farcen ya tsage gida biyu bai sake haɗewa ba. Kowace Lahadi bayan coci Etelvina takan zaunar da shi ta yanke masa da almakashin ɗinki, don yana maƙale mata a zanen gado. Yakan miƙa hannun ya kau da kai har ta gama.

Cikin duk masu rubuta irin waɗannan littattafai, Etelvina ɗaya ta ɗauka ta ɗora a ka, wata Casilda Orbegozo daga ƙetaren teku, wadda babu wanda ya taɓa ganin ko hotonta a garinmu. Sau uku a shekara sabon littafinta yake isowa. Na taɓa tambayarta me ta gani a wannan matar da ba ta gani a sauran ba.

"Mazan cikin littafinta ba sa saurin magana," ta ce. "Sai kin kai shafi na ɗari kafin namiji ya faɗi abin da ke ransa. Amma dai yana faɗa, comadre. A ƙarshe yana faɗa."

Na gane abin da take nufi, na ci gaba da kaɗe ƙura.

A shekara ta uku da aurensu, wata Talata da tsakar rana, lokacin da zafi yake korar kowa gida cin abinci kasuwa ta yi tsit, sai ga Evaristo a bakin rumfata da hularsa a hannu. Hannuwansa sun sha sabulu har sun yi fari.

"Compadre, lafiya? Ko inji ne ya maƙale a cikin littattafaina?"

Ya nuna jerin littattafan Casilda da haɓa. "Waɗancan. Me ke ciki?"

"Ƙarya ce a ciki, sai mata masu suma. Ina ruwanka da su?"

Ya daɗe yana juya hular. "Tana dariya in tana karantawa. Wani lokaci kuka. Ni ba ta yi min ko ɗaya."

Na so in ce masa ai bango ma ba a yi masa dariya, amma na dubi fuskarsa na haɗiye. Aji biyu kawai ya yi a makaranta. Ya roƙe ni in bar shi ya riƙa zama a bayan labulen rumfata, a kan akwatin katakon da nake ajiye tsofaffin mujallu, ya karanta kowane sabon littafin Casilda kafin ya kai hannun matarsa. Sannan ya sa na rantse da kan Abelardo cewa ba za ta taɓa ji daga bakina ba. Na rantse, don na ɗauka abin na sati biyu ne zai gaji.

Ni dokata biyu ce: ba a lanƙwasa min kusurwar shafi, ba a yi min rubutu a shafukan labari. Shi kuma karatunsa na masu jan amalanke ne, leɓe yana motsi, yatsa yana bin layi, littafin da mace take gamawa a yini ɗaya shi sai ya yi mako. Don kada ya manta inda ya tsaya, da ƙarfe ɗaya da rabi ta yi sai ya ja farcensa a gefen layin da ya kai, ya rufe, ya koma garejinsa. Iyakar abin ke nan. Inda lokaci ya cim masa, nan yake zanawa.

Da littafin ya kai hannun Etelvina, washegari sai ga ta da gudu-gudu, ta buɗe min shafi ta dangwala yatsa.

"Comadre, dubi nan. Wata ta riga ni karantawa, ta ja farce. Ji inda ta ja." Ta karanta min: mutumin ya tsaya a bakin ƙofa da jakar matar a hannunsa, bai san yadda ake cewa kada ki tafi ba. Idanunta har sun kawo ruwa. "Wannan matar tana da zuciya. Wace ce? Na duba baya, ba ta sa alama ba."

"Mutane nawa ke shigowa nan? Ni ba mai gadin farcen jama'a ba ce."

Da tsakar rana na ba Evaristo labari ina ƙyaƙyata dariya, na ce masa agogo ya mai da shi mace mai zuciya. Bai yi dariya ba. Ya ce in karanta masa wurin. Na karanta. Ya ce in sake. Ya gyaɗa kai ya ɗauki hularsa. Daga wannan ranar ya samo ɗan guntun kwali yana sawa inda ya tsaya, farcen kuma ya koma na wani aikin. Littafin mako ya koma na kwana goma. Wani ya fito da zane uku, wani da ɗaya tak, akwai wanda ya mayar min ba ko ɗaya, ya ce, "Wannan ba abin da zan ce."

Haka muka yi shekara ashirin da biyu. Da farko Etelvina takan yi min mita, wai me ya sa sabon Casilda bai taɓa zuwa hannunta sabo fil ba. Daga baya ita ce ke tambaya, "Mai farce ta gama da shi? In ba ta gama ba zan jira." Ta ƙera wa matar kamanni a ranta. Wata shekara ta ce malamar makaranta ce da ba ta yi aure ba, wata shekara ta ce lallai gwauruwa ce, don gwauruwa ce kaɗai za ta tsaya a irin wannan layin. Ƙawata take ce mata. Ranar Lahadi a coci takan bi hannuwan mata da kallo, ta dawo ta ce min ta kusa ganowa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a gida takan karanta wa mijin wuraren da aka zana, suna cin abinci. Washegari ta zo ta zube a kujerata.

"Na karanta masa, comadre. Wurin da mutumin yake cewa duk yinin da yake aiki, hannunsa ne kawai a wurin, sauransa yana gida. Kin san me ya ce? 'Miƙo min gishiri.' Dutse na aura, ina faɗa miki, dutsen wanki ma ya fi shi, shi ko sabulu yana riƙewa."

Ranar na kasa haƙuri. Da ya shigo bayan labule na tsaya a kansa.

"Compadre, kai fa mugu ne. Matarka tana mutuwa da ƙishirwa, kana zuba mata ruwa ta taga da sunan wata. Bakin nan naka na cin kifi ne kawai? Ka buɗe shi sau ɗaya mana, ba zai yage ba."

"Na gwada," ya ce. "Ba ya fita."

"To bari ni in faɗa mata."

"Kin rantse."

"Na rantse ne da kake tsoron kada ta yi maka dariya. Yanzu ai kuka za ta yi."

Ya rufe littafin a kan yatsansa. "In ta san ni ne, ta rasa ƙawarta. Ni kuma tana da ni, ko ta sani ko ba ta sani ba."

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba. Har yau ina jin haushinsa, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ban tabbata ba shi ne da gaskiya ba.

Daga nan Casilda ta daina rubutu. Babu sanarwa, kawai dai kwalin littattafai ya riƙa zuwa babu sunanta a ciki. Shekara goma sha ɗaya. Etelvina ta gwada wasu marubutan, ta ce duk ruwan wanke kwano ne. Ta aurar da 'ya'yanta uku, gashinta ya yi fari, ta fara sa tabarau. Wata Alhamis da hantsi Evaristo ya kife a kan injin da yake kwancewa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ita ta gyara shi da hannunta, ta yi masa aski, ta yanke masa farce, ta sa masa farar rigar da ta ɗinka masa ta bikin Abelardo. An yi addu'ar kwana tara a gidanta, ta sa baƙaƙen kaya, ta raba kofi da burodi yadda ya kamata. Amma kukanta kaɗan ne, kuma ta san mutane sun lura.

Wata bakwai bayan haka, 'yarta Marleny ta aiko mata da ƙunshi daga Bogotá, babban birni, a motar safe. Casilda Orbegozo ta dawo. Wannan karon ba ɗan littafin aljihu ba ne, ƙato ne mai bango mai ƙyalli, shafi ɗari huɗu da wani abu, a naɗe cikin leda babu wanda ya taɓa buɗewa, har da hoton marubuciyar a baya, wata tsohuwa da ɗan kare a cinya. Etelvina ta kawo min shi tana rungume da shi, fuskarta ta yi hasken da ban gani ba tun kafin rasuwar. Ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta ce kada kowa ya neme ta kwana uku.

A rana ta huɗu ta dire min shi a kan tebur.

"Ɗauki kayanki."

"Ai ba nawa ba ne. Yaya, marubuciyar ta kashe miki yarinyar cikin labarin ne a ƙarshe?"

"Da ta kashe ta ma da na gode mata." Ta zauna, ta cire tabarau. "Shafi na tara, comadre. Tun a shafi na tara saurayin ya ce yana sonta. Ko sunan uwarta bai sani ba. Daga nan kuma bai sake rufe baki ba, ina sonki a jirgin sama, ina sonki a waya, ina sonki a bakin ruwa. Na ƙirga har sau talatin na gaji. Mutumin kamar rediyon mai shago, ana ciniki yana yi, an tashi yana yi. Ita kuma yarinyar ba ta da aikin yi sai canza kaya. Babu wanda ya jira komai, babu wanda ya haɗiye komai. Na yi ta juya shafi ina neman wurin da zan tsaya in ajiye numfashi, har na kai bango ban samu ba."

"To ai tsufa ne. Kowa yana yi."

"Ko dai wani ne ya rubuta mata ta sa hannu. Shekara goma sha ɗaya ina jiranta. Na ji kamar na je tarbar 'yar'uwata a tasha, wata ta sauko sanye da rigarta." Ta tura min littafin. "Ki sa shi cikin na musaya. Ban sa almakashina ba tukuna. Ki bari ya kai hannun mai farce. Wataƙila ni ce kaina ya toshe da zaman makoki, ita za ta ga abin da ban gani ba. In ta ja ko layi ɗaya ne, zan sake karantawa."

Na karɓa. Littafin ya fita ya dawo, ya fita ya dawo. Matar mai kantin magani ta zana kifinta, mai fure ta zana furenta, wasu ma suka ce ya yi musu daɗi. Kowace Asabar Etelvina takan zo ta ɗauke shi, ta karkata shi wajen haske, ta bi gefen shafuka ɗaya bayan ɗaya. Babu komai. Ta ajiye ta tafi.

Wata uku ana haka, ta rame, ɗinkin ma ta fara mayar wa mutane da yadinsu. Wata Asabar ta rufe littafin ta daɗe tana kallon hoton tsohuwar da karenta.

"Mai farce ta mutu, comadre. Ko ta bar garin. Da tana nan da ta zo." Hawaye suka zubo mata, irin waɗanda ba su zo ba ranar jana'iza. "Kin ga irin matar da nake? Mijina na shekara talatin da shida ya mutu, na yi ta matsa idona ya ƙi. Yanzu ga ni ina kukan matar da ban taɓa gani ba. Amma ita ce kaɗai ta taɓa sanin abin da ke raina. Shi ya ciyar da ni, ya rufa min asiri, ban ce bai yi ba. Sai dai har ya koma ga Allah ban sani ba ko ya so ni, ko kuwa rufin ɗakinsa ne kawai ba ya yoyo."

Maganar tana bakina, har na ji ɗacinta. Amma na rantse da kan yaron da na riƙe a gaban bagadi, kuma wanda zai sake ni daga rantsuwar yana ƙarƙashin ƙasa. Ban da haka ina tsoro. Shekara talatin tana zuwa rumfata tana kiransa dutse, in ta ji gaskiya yanzu, wa za ta je ta ba haƙuri? Na ga kamar zan ƙwace mata ƙawa ne in ba ta nadama a madadi.

Sai na yi wauta. Na ɗauki littafin na zauna a bayan labule, a kan akwatin nan, yini shida da tsakar rana ina karantawa. Etelvina ba ta yi ƙarya ba, abin ba ya ciyuwa. Da ƙyar na tsinto wurare uku da suka ɗan yi kama da magana, na ja musu farcena a gefe, na mayar da shi cikin jeri. Na ce a raina, in ƙawar ta dawo, comadre za ta ci abinci.

Ranar Asabar ta zo kamar kullum. Ina jera mujallu ina satar kallonta. Ta kai wuri na farko ta tsaya. Ta matso da shafin kusa da tabarau, ta shafa da yatsa. Ta wuce na biyu, ta wuce na uku. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Otilia." Rabon da ta kira sunana tun kafin baftismar Abelardo. "Wa ya yi wannan?"

"Wa kuwa? Ƙawarki mana. Shekaranjiya aka dawo da shi."

"Ke ce. Ko kunya ba ki ji ba, da furfurarki. Ji inda kika ja, wurin da yake cewa idanunta kamar taurari. Ita ko a mafarki ba za ta tsaya a nan ba. Kuma ba ma hannunta ba ne. Naki siriri ne, layi ɗaya. Nata mai kauri ne, daga hagu take ja, kuma kullum layi biyu ne a jere, kusa da juna, kamar dai farcen da ya tsa..."

Ba ta ƙarasa ba. Bakinta ya tsaya a buɗe. Ni da nake sayar da littattafan ban taɓa lura da layi biyun nan ba. Ita kuwa shekara da shekaru tana ganinsu a takarda, kowace Lahadi tana riƙe da farcen da ya yi su, ba ta taɓa haɗa ɗaya da ɗaya ba sai da maganar ta fito daga bakinta ta ji ta da kunnenta.

Ta dubi hannunta na dama, ta motsa yatsu biyu kamar almakashi yana ciki.

"Ban ce komai ba," na ce. "Ki zama shaida, ban ce komai ba."

"Yaushe?"

"Da tsakar rana. Kina gida kina ajiye masa abinci, kina cewa aiki ya riƙe shi."

"A ina?"

Na ɗaga labulen. Ta shiga, ta tsaya a gaban akwatin katakon, wanda samansa ya yi sumul saboda zama. Ta zauna a kai a hankali, ƙafafunta ko ƙasa ba su gama taɓawa ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta suma ba kamar matan cikin littafi. Na saki labulen na koma gaba, na sallami mutum biyu, na ce wa ta uku ta dawo gobe. Can na ji muryarta daga ciki.

"Na karanta masa, comadre. Maganarsa ce, na karanta masa da bakina, ya ce in miƙa masa gishiri."

"Na sani."

"Kunnensa ya yi ja ranar. Na ɗauka barkono ne."

Sai a lokacin kukan ya zo, kukan mijinta, wata goma bayan an binne shi. Na tsaya a gaban labule na tare hanya har kasuwa ta fara tashi.

Ta yi wata biyu ba ta yi min magana ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta bi ta gaban rumfata ta kau da kai. Da ta huce, ta zo da wata takarda da ta rubuta sunayen littattafan Casilda na da, sittin da huɗu, ta ce in nemo mata su, kuma ba kowane kwafi ba, waɗanda suka bi ta rumfata. Wasu sun yage, wasu ambaliya ta ci, wasu sun bi masu su zuwa wasu garuruwa. Gida-gida muka bi ni da ita, muna roƙon tsofaffin mata su duba ƙarƙashin gado. Arba'in da ɗaya muka samu. Sabon kuwa, mai bango mai ƙyalli, ta sa masa almakashinta a baya ta mayar min.

"Littafin dai ba shi da kyau," ta ce. "Ko da yana raye, da ya mayar miki ya ce ba abin da zai ce."

Shekara shida ta ƙara a duniya. A biyun ƙarshe idanunta suka tafi, ta bar keken wa jikarta. Marleny ta so ta riƙa karanta mata, ta ce a'a, ta san abin da ke ciki. In na je gaishe ta da yamma nakan same ta a bakin ƙofa da ɗaya daga cikin arba'in da ɗayan a cinya, fuskarta tana kallon titi, yatsanta yana gangarowa ta gefen shafi. In ya taɓo layi biyun sai ya tsaya. Ta daɗe a wurin, sannan ta juya shafi.

Ranar ƙarshe da na gan ta da ƙarfinta, ta miƙo min wani da bangonsa ya cire, ta kama yatsana ta ɗora a kan zanen.

"Wannan ne na farko ko? Na mutumin da jaka a bakin ƙofa."

"Shi ne. Amma comadre, wannan fa ba zaɓa ya yi ba. Ƙarfe ɗaya da rabi ce ta yi masa a wurin."

"Na sani, kin faɗa min." Ta janye littafin ta mayar cinyarta. "Sauran duka ya zaɓa."